Azumi a Bakin Tekun Rockaway

Tun da muka dawo daga Rockaway ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin da direbobi ke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK a tare ni, har a ajinmu na manya da muke koyon karatu da yamma sai da malama ta tsawatar kafin aka ƙyale ni. Wani ya ji an ce Razak ya nutse, wani ya ji an ce 'yan sanda sun tsare mu, wani Bazabarme ma ya rantse mini cewa kifi ne ya cije shi. Na gaji da gyara labarin baki da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu uku ne muka yi tafiyar. Ni Sani, mutumin Maraɗi, direban haya, ina zaune a unguwar Parkchester da ke Bronx, a New York. Sai Kabiru, Bakano, wanda duk bikin aure ko suna da aka yi a Bronx za ka gan shi da kyamara a kafaɗa yana cewa amarya ta ɗan ɗago kai. Sai Abdul Razak, ɗan Zangon Sekondi a Gana, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na girme shi nesa ba kusa ba, Yaya yake ce mini, kuma ni na tsaya masa a matsayin wa ranar da aka ɗaura aurensa da Mariyama.

Razak tun yana yaro ya koyi hawan taguwar teku. Ga wanda bai taɓa gani ba: mutum yakan kwanta a kan wani dogon katako mara nauyi, ya tuƙa da hannu har inda teku ke kumbura, in taguwa ta taso ya miƙe tsaye a kai, ta ɗauko shi da gudu zuwa gaɓa. Babansa, Alhaji Issaka, tsohon ladani ne, kuma bai taɓa son wannan wasa ba. Ya ce wasan marasa aikin yi ne, wata rana sai ya raba shi da addini. Razak ya rantse masa tun yana saurayi cewa katakon nan ba zai taɓa ci masa salla ɗaya ko azumi ɗaya ba. Ya kuwa riƙe rantsuwar har ya yi furfura a gemu, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ji ta daga bakinsa.

Kabiru ne ya kawo maganar fim. Ya ce ya gaji da ɗaukar masu liƙi da masu yanka kek, yana so ya yi abin da ba a saba gani ba: Bahaushe a kan taguwa a birnin New York. Za a fara daga Rockaway, a bi gaɓa zuwa ƙarshen Long Island, in Allah ya hore a ƙarasa a Gana inda Razak ya koya. Ni an sa ni a ciki ne saboda motata tana da faɗi, kuma ina da haƙurin zama. Iyo kam ban iya ba. Gulbin garinmu rabin shekara yashi ne, da takalmi ake ƙetare shi.

Abin da ban sani ba shi ne, a nan manyan taguwoyi a lokacin sanyi suke zuwa, bayan an yi guguwa. Razak ya yi makonni yana duba waya kamar manomi mai duban hadari. Ranar da ya kira ya ce ta samu, muna tsakiyar azumi, ƙanƙara ma ba ta gama narkewa a gefen titi ba.

Na ce, "Razak, a bari sai bayan Salla mana."

Ya ce, "Yaya, teku bai san Salla ba. In wannan ya wuce, sai wata shekara."

Muna ɗora kaya a ƙofar gidansu Mariyama ta sauko da kuloli, ta miƙo mini su ta taga. Ba ta kalli mijinta ba. Ta ce, "Yaya Sani, ni ban hana shi ba, don ko na hana ba ya ji. Ciki babu abinci, ruwa kamar ƙanƙara. Na ba ka amana. Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo mini da shi."

Na ce in Allah ya yarda. Tun daga nan zuciyata ba ta ƙara kwanciya ba.

Matsalar farko a kan gadar Whitestone ta same mu. Mun ɗaure katako biyu a rufin mota, kuma Kabiru ne ya yi ɗaurin, ya ce shi jikan fatake ne, a bar masa. Muna tsakiyar gada iska ta shiga ƙarƙashinsu, na ji motar tana neman tashi, igiyar tana kuka kamar goge. Ba a tsayawa a kan gada. Razak ya zuge gilashi ya fitar da hannu ya riƙe gefe ɗaya, Kabiru ya riƙe ɗaya, ina tafiya a hankali, na baya suna ta danna mana oda. Muna sauka na raɓe gefen hanya, sai ga motar 'yan sanda. Ɗan sandan ya zagaya motar, ya kalli katakon, ya kalli hulata, ya kalli gemun Razak. Ya tambaya ina za mu. Da aka ce masa teku, ya ce, a wannan sanyin? Ya girgiza kai, ya kwance ɗaurin jikan fatake da hannunsa, ya nuna mana yadda ake murɗa igiyar don kada iska ta kaɗa ta, ya tafi.

Shekaru ina kai mutane JFK, ban taɓa sanin abin da ke bayansa ba. Ashe da ka wuce kwanar da nake shiga kullum, gari yakan canza. Hanya ta zama siririya, ruwa dama da hagu. Muka ratsa wata unguwa da gidajenta ke tsaye a kan ƙafafun itace cikin ruwa, kowane gida da kwalekwale a ƙofa kamar yadda ake ɗaure jaki a ƙauyenmu. Daga nan sai gada ta ƙarshe. Razak ya ce cikin wasa, "Yaya, ga iyaka nan, ka shirya takardu." Na tuna iyakar Ɗan Isa ta can gida, inda za ka wuni kana gaida 'yan duwan, wato kwastan, da jandarma. A nan babu kowa, sai wata kyamara a sama da ke ɗaukar lambar mota. Ban ji daɗin haka ba. Iyakar da babu wanda za ka gaisar, ba ka san ko an karɓe ka ba.

A kan gadar nan Kabiru ya tayar da magana. Ya ce, "Malam Sani, ai mu yanzu matafiya ne. Ga kaya, ga guzuri, ga kwana a waje. Ɗan Gana zai iya ajiye azumi ya rama daga baya."

Na so in ce haka ne, Allah ya sani. Amma ga jirage suna tashi a gefenmu, kusan ina karanta rubutun jikinsu. Na ce, "Kabiru, wurin da nake zuwa sau uku a rana neman abinci ba zai zama tafiyar kasaru don mun ɗauko kula ba. Har yanzu muna cikin gari."

Razak ya ce wa Kabiru, da kiran "maigida" irin na Gana, "Massa Darakta, ko Sin muka je ba na ajiyewa. Ka kula da kyamararka."

Masaukinmu wani ɗan gida ne na katako a bayan gidan wata dattijuwa Baturiya, Madam Rita, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ɗaki ɗaya da falo, yashi a ko'ina har cikin gado, hitar ɗumama ɗaki tana ƙwanƙwasa kamar maƙeri yana aiki a cikinta. Tana da wani ƙaton kare da take sa wa riga. A garinmu kare ko inuwar zaure ba ya samu, a nan ga shi da riga mai aljihu. Na roƙe ta kada ya shigo inda muke salla, ba ta ji haushi ba, ta ce shi ma ba ya son baƙi.

Da tsakar rana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tukunyar miyar kifi tana tururi. Muka tsaya cirko-cirko. Razak ne ya yi mata bayanin azumi. Ta ce ta sani, ta yi aiki da Musulmi a asibiti. Sai ta kalli katakon da ke jingine, ta kalle shi, fuskarta ta canza.

Ta ce da Turanci, "Har ruwa ba ka sha? Kuma za ka shiga tekun nan?"

Ya ce e.

Ta ce, "Jiki da abinci yake yin zafi. Wanda ya ci ya ƙoshi ma tekun nan yakan kayar da shi a wannan wata. Kuma babu masu ceto a bakin ruwa sai bazara." Ta juyo gare ni, don ta ga ni ne babba. "In ka ga yana rawar sanyi, da sauran dama. In ka ga rawar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, ka kira motar asibiti."

Mutanen bakin tekun nan wata al'umma ce dabam. Za ka ga mutum da mota mai tsada ya tsaya a gefen titi, ya ɗaura tawul, ya tuɓe wando a cikin sanyin da ke fasa leɓe, mata na wucewa, babu mai kallon wani. Kowa yana zuwa da jarkar ruwan zafi a naɗe cikin bargo, in ya fito ya kwarara a cikin rigar roba da suke sawa don kare sanyin ruwa. Sannan suna da doka: taguwa ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da ita, ko da yaro ne, ko da mai furfura yana gefensa. A wurinmu ko a bakin rijiya babba ake bari ya fara, baƙo kuma a ba shi gaba. Ranar farko Razak ya hau wata da wani ya riga shi, mutumin ya biyo shi har gaɓa yana ihu, jijiyar wuyansa a tashe. Na taso da niyyar ba da haƙuri irin namu, in kama hannu, in tambayi iyali. Kafin in iso Razak ya ɗaga hannu ya ce laifinsa ne, mutumin ya juya ya koma ruwa. Faɗa ya ƙare ke nan, babu sulhu, babu dattijo.

Aikina shi ne in tsaya a kan yashi da jarkar ruwan zafi da bargo, idona a kansa. Rigarsa ta roba ta hannu ce ya saya, ba ta kai kaurin ta sauran ba, kuma zif ɗinta na baya yana ɗan buɗewa. Duk fitowar da zai yi leɓensa ya yi toka, yatsunsa ba sa iya kwance madaurin da ke haɗa ƙafarsa da katako, sai na durƙusa na kwance masa. Sauran suna fitowa su buɗe flas su sha kofi, su ci ayaba. Shi sai dai ya tofar da yawu, ya kurkure gishirin bakinsa ya zubar, ya shiga bargo. Amma in yana kan taguwa, wallahi sai ka manta da duk wannan. Mutumin da na sani yana tura keken tsofaffi a hankali, ga shi tsaye a kan ruwa yana yanka shi kamar tela da almakashi.

Da magariba muka buɗe kulolin Mariyama: shinkafa da wake irin nasu mai ja, da baƙin yajinsu mai kifi, da ƙosai, muka ɗora da miyar Madam Rita. Na lura hannun Razak yana rawa har cokali yana buga haƙorinsa. Na ce, "Gobe sau ɗaya za ka shiga, da safe, lokacin da sahur yake jikinka." Ya ce to.

Washegari guguwa ta rufe gari, ba mu fita ba. Ruwan sama yana dukan taga a kwance, titin da ke gabanmu ya zama kududdufi. Rana ta uku gari ya waye tas, iska ta juya, teku yana ruri tun daga cikin ɗaki kana ji a ƙirjinka. Taguwar ranar ta fi tsayin mutum. Razak ya shiga da safe, ya yi abin da ya zo yi. Sau uku ina ganin ruwa ya naɗe shi kamar tabarma, in ce shi ke nan, sai ya fito ta ɗaya bakin a tsaye. Ya dawo gaɓa yana rawar sanyi yana dariya, ya ce, "Darakta, ka samu?"

Muka koma ɗaki, Kabiru ya kunna abin da ya ɗauka. Muka ga mutum cikin baƙar riga da baƙar hula ta roba yana hawa da kyau. Da ya matso kusa, sai ga jan gemu.

Kabiru a wurin biki da babbar riga yake gane ango. A nan kowa baƙi ne tun daga kai har ƙafa, fuska kaɗai a waje, ga nisa, ga hasken rana a kan ruwa. Safiya guda yana bin wani Bature da kyamara.

Babu wanda ya yi dariya. Kabiru ya dafe kai yana salati. Razak ya ce bayan la'asar zai koma.

Na ce, "Ba haka muka yi da kai ba."

"Yaya, gobe babu komai, teku zai kwanta. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na sa Mariyama kuka, don a ɗauki jan gemu?"

"To ka ci abinci ka shiga, ka rama bayan Salla."

"Kai da bakinka ka ce ba matafiya ba ne mu."

Na ce zan ɓoye makullin mota, ya ce ai da ƙafa ake zuwa. Na ce zan kira Mariyama, ya ce in kira, kafin ta iso ya fito. Ƙarfi kuwa ya fi ni. Abin da na iya kawai shi ne na sa shi ya ɗora wata rigar ƙwallo ruwan ɗorawa a kan ta robar, don kada a sake bin wani, kuma na sa ya yi alkawarin taguwa uku ya fito.

Ya hau ta farko, Kabiru ya ce ya samu. Ya hau ta biyu, ta fi ta farko. Na ɗaga bargo ina kaɗawa, ya isa haka. Ya gan ni, ya ɗaga yatsa ɗaya. Na lura tuƙinsa ya yi nauyi, hannu yana shiga ruwa kamar na mai barci.

Ta ukun ba ta ba shi damar miƙewa ba. Ya yi jinkiri, ta ɗaga shi ta maka. Na ga katakon ya yi sama shi kaɗai, madaurin yana lilo a tsinke. Wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Na nemi ruwan ɗorawa a cikin farin kumfa na rasa. Da na gan shi, ya yi nisa da inda ya faɗi, ruwa yana jan shi gefe zuwa wani jerin manyan duwatsu da aka shimfiɗa cikin teku. Ba ya iyo. Kansa kawai ke fitowa yana komawa.

Na ruga. Ban san lokacin da na shiga ruwa har gwiwa ba, sanyin ya sare ni kamar adda, na tsaya, don na san in na ƙara taku biyu gawa biyu za a nema. Ina ihu da Hausa, ina ihu da Faransanci, Turancin ya gudu daga bakina. Ina nuna rigar da hannu biyu. Wata daga cikin masu baƙaƙen kaya ta juya ta ga inda nake nunawa. Ta kwanta a kan katakonta ta tuƙa kamar ana korarta. Ta cim masa dab da duwatsun, ta cafko rigar, ta jawo ƙirjinsa kan katakon. Wani ya zo ya taya ta. Suka bi da shi gefe, suka bar kumfa ta turo su har yashi. Mace ce ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Har yau ban san sunanta ba.

Zif ɗin rigarsa ya buɗe har ƙugu, ruwa ya cika ta. Yana numfashi, idonsa a buɗe, jikinsa yana karkarwa kamar injin niƙa. Ni da Kabiru muka ɗauke shi zuwa gidan Madam Rita, don nan ne mafi kusa, ga shi kuma nas ce. Ta buɗe ƙofa, ba ta yi tambaya ba. Ta sa almakashi ta yanke rigar, ta naɗe shi da barguna, ta sa robobin ruwan ɗumi a hammatarsa da ƙirjinsa. Na kama ƙafarsa zan murza, ta buge mini hannu, ta ce ba a murzawa. Ta kira motar asibiti, aka ce suna zuwa, amma ruwan jiya ya toshe wasu tituna, sai sun zagayo.

Ta haɗa shayi mai ɗumi, ta zuba sukari da yawa, ta durƙusa a gabansa. Ta tambaye shi sunansa, ya faɗa, harshensa yana harɗewa. Ta ce, "Yana iya haɗiya. Ya sha yanzu. Jikinsa ba shi da abin da zai ƙona."

Ta kai kofin bakinsa. Ya datse haƙora ya kau da kai.

Na ce, "Razak, sha."

Ya kalli taga. Rana ta yi ja, tana zaune a kan rufin gidajen da ke ƙetaren titi. Ya ce, "Saura... kaɗan."

Na fassara mata. Ta ce, "Ba shi da wannan kaɗan ɗin. Dubi hannunsa." Na duba. Karkarwar tana raguwa, tana zuwa tana ɗaukewa, kuma jikinsa har yanzu kamar kifin firji.

Kabiru yana kuka yana cewa, "Ɗan Gana, don Allah, don Annabi. Mara lafiya ne kai yanzu, halal ne, wajibi ne ma. Laifina ne, ka sha."

Razak ya ce, "Na gaya wa Baba... katako bai ci mini..." Sauran maganar ta narke a bakinsa. Idonsa ya fara lumshewa, Madam Rita tana kiran sunansa tana bubbuga kumatunsa. Ta ce in ya wuce haka ba za ta iya ba shi komai ta baki ba, zai shaƙe.

Na yi masa magana a hankali, na yi da faɗa. Na kawo masa ayar mara lafiya, na ambaci Mariyama, na ambaci 'yarsa. Duk abin da na faɗa sai ya kalli taga. Na gane ba da ni yake gardama ba, kuma hujja ba za ta kai inda yake ba.

Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ba. Na yi shi a zafin Maraɗi ina dakon buhu, na yi shi a nan lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe takwas ba ta faɗi ba. Lafiyata ƙalau a ranar, ba ni da wani uzuri da na sani. Na karɓi kofin daga hannun Madam Rita, na kama haɓar Razak na juyo da fuskarsa gare ni.

Na ce, "Kalle ni."

Na yi bismilla na kurɓa, na haɗiye, yana gani. Na sake kurɓa.

Kabiru ya ce, "Innalillahi, Malam Sani!"

Na ce, "To, nawa ya tafi. Ni ba ruwa na faɗa ba, ba ni da ciwo. Saboda kai na sha. In ka mutu yanzu, na yi asarar azumi, na yi asarar ƙane, kuma ni zan tsaya gaban Mariyama. Za ka bar ni ni kaɗai a cikin wannan?"

Ya kalle ni. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Sannan haƙoran suka saki. Na tallafi kansa, Madam Rita tana cewa kaɗan-kaɗan. Ya sha rabin kofi, ta haɗa wani. Can sai karkarwar ta dawo da ƙarfi har gadon yana motsi, ta ce, "Yauwa, haka nake so." Ana cikin haka muka ji jiniya. Lokacin da suke fita da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, wayar Kabiru ta yi kiran sallar magariba a aljihunsa.

A asibiti suka ce sukarin jininsa ya faɗi ƙwarai, ga sanyi ya shige shi, ga ruwan gishiri kaɗan a huhu. Suka riƙe shi. Mariyama ta iso, ta wuce ni ba gaisuwa, ta tsaya a kansa tana kallo, sannan ta zauna ta riƙe ƙafarsa ta cikin bargo. Sai da za ta fita neman ruwa ta ce, "Sannu, Yaya." Fim kuwa a nan ya tsaya. Long Island ba mu gan shi ba, balle Gana. Abin da Kabiru ya samu shi ne taguwa biyu na Razak da safiya guda ta jan gemu. Game da azumina, na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce in rama ɗaya in yi istigfari, ɗaya ya ce sai ya yi bincike. Ina jiransa, kuma duk abin da ya ce zan yi.

Da safe na koma asibiti na tarar da Razak ya farfaɗo sosai, amma ya ƙi kallona. Ya ce, "Yaya, me zan gaya wa Baba?"

Na ce, "Ba ni lambarsa."

Na kira, na sa yadda kowa zai ji. Tsohon ya ɗauka, muryarsa ƙarama amma a tsaye. Muka gaisa, na tambayi azumi, ya tambayi sanyi. Sannan na ba shi labari tun daga farko, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya ce, "Wa ya ba shi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ka ce kai ma ka sha?"

"Na sha."

Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Sani. Yana kusa?"

"Yana ji."

"To ya ji. Ni haihuwarsa na yi, ba ni na halicce shi ba. Wanda ya halicce shi ya yi masa rangwame, shi kuma ya ƙi karɓa don tsoron wani tsoho a Sekondi? Da ya mutu a haka, da wane ido zan kalli 'yarsa?" Ya yi tari, aka ji ana ba shi ruwa yana cewa a'a, yana azumi. Sannan ya ce, "Katakon fa, yana ina?"

Na ce, "Teku ya tafi da shi, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Razak ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa a ƙarƙashin bargo. Ko dariya yake ko kuka, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.